Kada lambar GHz ta ruɗe ka wajen sayen kwamfutar bincike

Mai shirin sayen kwamfuta don lissafin kimiyya yakan fara duba GHz da yawan ƙwayoyin furosesa, alhali waɗannan lambobi ba sa nuna yadda injin zai ɗauki nasa aikin. Jerin TOP500, wanda tun 1993 yake auna manyan kwamfutocin duniya da gwajin Linpack, ya isa hujja. A 2022 Frontier ta Amurka ta haye gaba da saurin lissafi sama da petafulos 1,000, ta bar Fugaku ta Japan da 442. Amma a gwajin HPCG, wanda ya fi kama da lissafin kwararar ruwa da yaɗuwar zafi, Fugaku ce ta riƙe kambu, da petafulos 16 kacal. A irin wannan aiki furosesa takan zauna jiran bayanai daga RAM, kamar injin niƙa yana ruri ana zuba masa hatsi da ludayi.

Wani zai ce a ƙara ƙwayoyi kawai. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna iyakar hakan: idan kashi 10 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, saurin ba zai wuce ninki 10 ba, ko ƙwayoyi dubu ne. Wani kuma zai ce gwada injin da aikinka kafin saye na cin lokaci. Gaskiya ne, sai dai wuni biyu ne a kan injin da za a yi shekaru ana aiki da shi. Ka ɗauki manhajarka da ainihin bayananka masu nauyi, ka gudanar a kan injunan da kake kwatantawa da saiti iri ɗaya, sau uku aƙalla, ka rubuta mintuna da wutar da kowanne ya sha.