Ina Za Mu Kai Yaro Mai Keken Guragu Shaƙatawa?

Wata baiwar Allah daga Gyadi-Gyadi, Ƙaramar Hukumar Tarauni, ta aiko da wannan tambaya.

To Hajiya, ga Gidan Zoo na Audu Bako nan kusa da ku, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970. Ku je da safe kafin rana ta take. Ku kauce wa ranakun Sallah saboda cunkoso, da bayan ruwan sama saboda taɓo. Ku tafi da ruwan sha da babban da zai tura keken.

Game da hanyar shiga da keken kuwa, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar wa masu buƙata ta musamman hanya. Haƙƙin ɗanki ne, ki nema. Allah ya raya shi.