Malami, hutun ƙarshen shekara da labarin gobara

Wani malamin firamare daga Guéné, kusa da Malanville, yana tambaya ko ya dace ya rubuta wa yara labarin gobara a dogon hutu.

Malam, ya dace ƙwarai. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafai ta 1933, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malami ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Gobarar kuma ga ta kusa da kai: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Nemi tsofaffin fatake a kasuwar Malanville, wataƙila ka dace da wanda ya gani da idonsa. Amma don Allah kada ka cika ban tsoro. Nuna wa yaran yadda mutane suka sake kafa rumfunansu.