Ka ajiye aiki saboda ciwo, kana son yawo da motar-gida? Ga abin dubawa

A Amurka ba baƙon abu ba ne mutum ya yi ritaya ya sayi mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya kulle gida ya kama hanya. RV suke ce mata, kuma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Wannan shawara ta ɗan'uwanmu ce mazaunin can wanda ciwo ya raba shi da aiki tun lokacin ritaya bai yi ba, yana da shekara hamsin da 'yan kai, zuciya ko ƙashin baya ko ƙoda ta ce ya isa haka, zaman gida kuma ya fara gundurarsa. Ban ga laifin sha'awar ba. Canjin iska na da amfani, mutum ya ga ƙasar Allah tun yana da sauran ƙarfi. Sai dai ciwon da ya fitar da kai daga wurin aiki zai riga ka shiga motar nan, kuma shi ne zai faɗi irin motar da za ka saya, da hanyar da za ka bi, da inda za ka kwana. Idan ka fara da kallon hotunan duwatsu da tafkuna ka bar maganar ciwo a baya, ka fara ta inda bai dace ba.

Inshorar lafiya ita ce kan gaba. Medicare, inshorar gwamnatin tarayya, sai mutum ya kai shekara 65. Wanda aka amince masa da kuɗin nakasa na SSDI yana samunta kafin nan, amma sai ya yi jiran wata 5 kafin kuɗin su fara, sannan wata 24 kafin Medicare ta buɗe masa. Masu ciwon ALS da masu wankin ƙoda suna da nasu tsarin daban. A wannan tsakanin da yawa kan riƙe inshorar tsohon wurin aiki ta hanyar COBRA, wadda ke kai wata 18, ko 29 idan an tabbatar da nakasa, amma duk kuɗin watan daga aljihunka zai fita. Wasu kan sayi tasu a kasuwar inshora ta Obamacare. To a nan tarkon yake: yawancin waɗannan tsare-tsaren likitocin yankinka kaɗai suka sani. Da ka tsallaka wata jiha, in ba larurar gaggawa ba, babu ruwansu. Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ita ma a jiha take ɗaure. Wata dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa asibiti ya karɓe ka idan rai na cikin haɗari, amma ba ta ce kyauta ba, ba ta kuma shafi awon jini da ganin likita na bayan sallama ba, waɗanda su ne abincin yau da kullum na mai ciwo mai daɗewa. Kira kamfanin inshorarka ka yi musu tambaya ɗaya ƙwaƙƙwara: idan ina Arizona na bukaci likitan zuciya, ba gaggawa ba, wa zai biya? Ka ce su ba ka amsar a rubuce.

Idan Medicare ta samu, ta asali tana aiki a kowace jiha wurin duk likitan da ke karɓarta, saɓanin Medicare Advantage da galibi ke da iyakar yanki. Ta asalin kuma tana bar maka kashi 20 cikin 100 na kuɗin ganin likita, ba tare da iyaka ba, shi ya sa ake haɗa ta da inshorar cike giɓi ta Medigap. Ga wanda bai kai 65 ba, samun Medigap ya danganta da dokar jihar da adireshinsa yake. Masu zaman mota suna son mayar da adireshi Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu domin babu harajin jiha a kan kuɗin shiga. Mai lafiya ya bi haraji. Kai da ke da ciwo, inshorar jihar za ka fara dubawa, domin abin da ka tsira da shi a haraji kwanan asibiti ɗaya zai iya lashe shi.

Sai magani. Roƙi likita ya rubuta maka na kwana 90, ka kuma mayar da takardunka ɗaya daga cikin manyan kantunan magani masu rassa ko'ina, kamar Walgreens ko CVS ko Walmart. Magunguna masu ƙarfi na kashe zafin ciwo irin su oxycodone ba a maimaita su da tsohuwar takarda, kowane karo sai sabuwa. Ganin likita ta bidiyo ma yana da ƙa'ida, domin galibi sai likitan yana da lasisin jihar da kake zaune a ciki a ranar. Ku zauna da shi ku tsara ranakun dawowa awo tun kafin ka zana hanya. Ka buga taƙaitaccen tarihin ciwonka da sunayen magungunanka a takarda, ka liƙa a jikin ƙofar firji, inda ma'aikatan motar asibiti za su gani in kai ba ka iya magana.

Mai ciwon suga ya kula da firjin nan sosai. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kuma in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Firjin da yawa daga cikin motocin da gas yake aiki, ba ya sanyi yadda ya kamata sai motar ta tsaya daidai ba karkata, kuma ranar zafi yakan gaza. Sayi ƙaramin ma'aunin sanyi ka ajiye a ciki. Kada ka jingina kwalin allurar da ƙarafunan nan na bayan firji, nan ne ƙanƙara ke kamawa. Sa shi cikin roba mai murfi a tsakiya, yadda ba zai yi ta gungurawa ba idan an taka birki. Mai wankin ƙoda sau uku a mako kuwa, tafiyarsa ba ta yiwuwa sai ya kama kujera a cibiyar garin da zai sauka tun da makonni, kuma cibiyarsa ta gida ce za ta taimaka da aika takardu.

Wajen zaɓen mota, kada dillali ya ruɗe ka da kujerun fata da talabijin. Jikinka za ka tambaya. Babbar, wadda suke kira Class A, tana da fili da ɗakin wanka na gaske, amma tana shan mai ba kaɗan ba, tuƙa ta cikin iska na gajiyar da kafaɗa, kuma ba za ka shiga da ita wurin ajiye motoci na asibiti ba. Ta tsakiya, Class C, sau da yawa akwai gado a saman kan direba, sai an hau tsani. Mai ciwon gwiwa da ke tashi fitsari sau uku a dare ya manta da wannan gadon. Ƙaramar, Class B, tsawonta kamar mita 6, tana shiga ko'ina, amma banɗakinta da kyar mutum ke juyawa. Tirelar da ake ja da wata mota ta fi araha, sai dai ɗaura ta da kwance ta aikin mai ƙoshin baya ne. A wurin dillali ka hau matakalar ka sauka sau da yawa, ka kwanta a gadon, ka shiga banɗakin ka rufe ƙofa ka zauna ka tashi. Kada ka ji kunya, kuɗinka ne.

Akwai aikin da ba a nunawa a talla, wato zubar da tanki. Motar na da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. Duk 'yan kwanaki sai ka je ramin zubarwa, ka sa safar hannu, ka durƙusa gefen mota, ka murɗa katon tiyo a bakin bututu, ka cusa ɗaya bakin a rami ka danne shi. Ka fara jan mariƙin na bahaya, in ya gama ka rufe, sannan ka ja na ruwan wanka domin ya ɗauraye tiyon. Ka naɗe, ka ɗaga, ka mayar. Wanda aka yi wa aiki a ƙashin baya, ko wanda jiri ke ɗiba in ya sunkuya, ya san tun yanzu wa zai yi masa wannan. Shi ya sa nake cewa abokin tafiya, uwargida ce ko ɗa ko ƙane, dole ya iya tuƙa motar ya kuma iya wannan aikin. Ranar da jikinka ya ƙi, ba ranar koyon tuƙi ba ce.

Wuta ma rai ce ga wasu. Mai kwana da na'urar numfashi ta CPAP ya gwada ta a batirin motar dare guda a ƙofar gida, ya ga abin da ya rage da asuba. Ɓangaren da ke ɗumama ruwa shi ne ke zuƙe batir. Na'urar tace iskar oksijin ta fi haka ci nesa ba kusa ba, don haka mai ita ya riƙa sauka a sansanin da ke da soket ɗin wuta, kuma kada ya kusanci murhun gas da tiyo a hanci. A tabbatar ƙararrawar hayaƙin janareta da ta yoyon gas suna aiki. Hayaƙin nan ba shi da wari, a barci yake kashe mutane.

Hanya kuma, tsaunuka za ka fara lissafawa. Jos da muke kira tudu tana wajen mita 1,200 ne. Denver tana 1,600, bakin kudu na Grand Canyon ya haura 2,000, ramin Eisenhower a kan babbar hanyar I-70 ta Kolorado kuwa ya kai wajen 3,400. Iska a can ba ta da kauri, kuma mai raunin zuciya ko huhu zai ji a jikinsa. Mu da sikila ta yi yawa a cikinmu sai mu ƙara kula: tudu da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ita, har mai ɗauke da rabin ƙwayar, wato AS, yakan samu matsalar saifa a kan tsauni. Nuna wa likita taswirar kafin ka tashi. Zafin Arizona na bazara kuma yakan wuce digiri 43, motar ƙarfe a rana ba wurin mai hawan jini ba ce.

Tsofaffin hannu a harkar suna da ƙa'idar uku-uku: kada a wuce mil 300 a rana, a sauka kafin ƙarfe 3 na yamma, a kwana 3 kafin a sake tashi. Mai ciwo ya rage mil ɗin zuwa rabi, sannu ba ta hana zuwa. Duk awa biyu ka tsaya ka taka ƙasa saboda gudan jini a ƙafa. Filayen gwamnati na hukumar BLM a yamma ana kwana kyauta har kwana 14, kuma dubban motoci kan taru a Quartzsite ta Arizona da hunturu. Wurin na da daɗi da araha, amma manyan asibitocin Phoenix suna wajen kilomita 200 daga nan, wasu lungunan jejin kuma babu sabis ɗin waya. Duk inda ka sauka, kafin ka ɗora shayi, ka san sunan asibiti mafi kusa da yadda za ka kwatanta wa 911 inda kake. A kudu kusa da iyakar Meziko akwai shingayen jami'an shige da fice, ka riƙe takardun zamanka a hannu. Idan nakasarka ta dindindin ce, kuma kai ɗan ƙasa ne ko mai katin zama, nemi Access Pass: kyauta ne, na har abada, yana shigar da kai gandayen dajin tarayya ba biya, ya kuma rage rabin kuɗin kwana a sansanoni da yawa.

Ibada ba ta wahala a hanya, amma tana son shiri. Ruwan alwala da na buta daga tanki ɗaya suke fita da na girki, kuma na ƙaramar mota yawanci bai kai lita 120 ba. A mazhabar Malikiyya matafiyi na kasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Wanda ya mayar da motar gidansa ɗungurungum kuwa ya tambayi malami hukuncinsa. Naman halal a cika firji da shi a manyan birane, don a ƙauyukan yamma sai ka yi tafiyar yini ba ka gan shi ba, kuma abincin gidan mai gishiri ne da suga zalla.

Maganar kuɗi gajera ce. Cire kuɗi daga asusun 401(k) kafin shekara 59 da rabi galibi na jawo tarar kashi 10 cikin 100. Mai cikakkiyar nakasa an ɗauke masa tarar, ba a ɗauke masa haraji ba. Motar kuwa daga ranar da ta bar wurin dillali darajarta sauka take yi, ga mai, ga taya, ga rufin da ke yoyo. Ƙungiyar masu zaman mota ta Escapees, wadda aka kafa a 1978, har wuri ta tanada a Livingston ta Texas mai suna CARE domin 'ya'yanta da ciwo ko tsufa ya hana tuƙi, suna zaune a motocinsu ana kula da su. Su da suka daɗe a hanya sun san wannan rana na zuwa, kuma mai ciwo ya fi kowa kusa da ita.

Don haka kada ka sayar da gida, kada ka saki hayar da kake ciki a shekarar farko. Ɗauki motar haya daga Cruise America ko Outdoorsy na mako biyu, ka yi kwanakin farko a sansanin da bai fi awa ɗaya daga asibitinka ba, ka zubar da tanki da hannunka, ka riƙa rubuta awon jini da na suga safe da yamma. Idan ka dawo, kai wa likita littafin. In shi da abokin tafiyarka duk sun yarda, nemi ƙaramar mota ta hannu, ka sa makanikin da ba na dillali ba ya duba ta kafin ka biya.