Darasi: Hawa-hawan Ƙasa da Ruwan Rijiya a Ƙasar Daura

'Yan'uwa manoma, kafin ƙungiya ta zuba kuɗinta a gina rijiya, ya kamata mu san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙasa ba iri ɗaya ba ce daga sama har ƙasa. Tana nan hawa-hawa, kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata bisa wata.

Mu gwada wannan a taronmu. A zuba ƙasa cikin kwalba, a cika ta da ruwa, a girgiza, sa'an nan a ajiye. Tsakuwa za ta fara kwantawa, yashi ya biyo, laka kuwa sai daga baya. Haka koguna da tafkuna suka yi tun zamanin da. Da nauyi ya danne abin da ya kwanta, yashi ya zama dutse, laka ta zama yumɓu mai tauri. A shekarar 1669 wani masani mutumin Denmak, Nikolas Steno, ya bayyana cewa hawan da ke ƙasa ya girmi wanda ke bisansa.

A ƙasarmu, can ƙarƙashi akwai tsohon dutse mai ƙarfi, irin wanda ya fito fili wajen Funtuwa. Ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage ko ya rube. Bisansa, a arewacin Jihar Katsina, akwai dutsen yashi da tsakuwa da yumɓu waɗanda koguna suka zubar fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. Masana suna kiransu hawan Gundumi, da sunan wani ƙauye na ƙasar Sakkwato. Daura kuma tana bakin kwarin Tafkin Cadi ta yamma. Saboda haka yashi da yumɓun wannan kwari ba su da kauri a wajenmu, amma suna ƙara kauri in an nufi gabas, har su kai ɗaruruwan mita a Maiduguri. A can sama kuwa sai yashin jigawa, wanda iska ta tara a zamanin da fari ya yi tsanani. A kansa muke shuka gero da gyaɗa.

Ga amfanin wannan sani. Ruwan sama yakan ratsa yashi da tsakuwa, yumɓu kuwa yakan tare shi. Wani lokaci siririn yumɓu yakan riƙe ɗan ruwa kusa da sama. Mai gina rijiya ya yi murna ya tsaya, amma da bazara sai ta ƙafe. A farin 1973 da na 1984 rijiyoyi marasa zurfi da yawa sun ƙafe a Arewa.

Don haka mu kiyaye waɗannan:

1. A yi haƙa a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya fi nisa.
2. A ɗebi ƙasar kowane hawa a jera ta, magatakarda ya rubuta zurfinta.
3. Kada a tsaya a ruwan farko in yashinsa ba shi da kauri.
4. A sa kwalbati inda yashi ke zubewa, don ran mai haƙa.
5. Masai ya yi nisa da rijiya, kamar mita 30.

Aikin wannan mako: a je wurin tsofaffin magina rijiya na ƙauyenku. A tambaye su gaba nawa suka yi kafin su sami marmara, da yumɓu, da ruwa. A rubuta amsarsu a littafin ƙungiya, a kawo ta taro mai zuwa.