Likitocin Karkara a Ƙarƙashin Gwamnatin Gambiza ta Afirka ta Kudu

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Malam Garba a Damagaram, yana tambaya ko gwamnatin gambiza ta Afirka ta Kudu ta iya magance ƙarancin likitoci a karkara.

To, Malam Garba, muna godiya. Gwamnatin gambiza ita ce wadda jam'iyyu da dama suka haɗu suka kafa, kuma haka ta faru a 2024, sa'ad da jam'iyyar ANC ta rasa rinjaye, ta shigo da jam'iyyar DA da waɗansu. Tun 1998 doka ta wajabta wa kowane sabon likita hidimar shekara guda a asibitin gwamnati, sau da yawa a karkara. Amma abin baƙin ciki, bayan wannan hidima, likitoci da dama suna zaune ba aiki, alhali asibitocin ƙauye a larduna kamar Limpopo suna kukan rashinsu, domin baitulmalin lardi ba shi da albashin da zai biya su.

Saɓanin jam'iyyun ya ƙara jinkirta al'amarin, domin DA ba ta amince da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ba, kuma ta yi jayayya da ƙarin harajin sayayya da aka ce za a ɗauki ma'aikatan lafiya da shi, har aka janye shi a 2025. A ra'ayinmu, albashin likitan karkara amana ce, bai halatta a mai da shi abin ciniki tsakanin jam'iyyu ba.