"ALL BUT": ƘANANAN KALMOMI MASU FUSKA BIYU

'Yan makaranta, akwai ƙananan kalmomin Turanci da suka fi manya cinye wa ɗalibi maki a jarrabawar WAEC da NECO. Za ka ga yaro ya haddace doguwar kalma mai gaɓa biyar, amma "all but", wadda ko ɗan aji ɗaya zai iya rubutawa, ita ce za ta kayar da shi. Dalili kuwa, tun daga firamare an koya mana cewa "but" tana nufin "amma", mu kuma muka riƙe wannan gam. Yawancinmu a nan Zuru da C'lela muka tashi a gida, Hausa a kasuwa, Turanci sai a aji, saboda haka idan mun samu fassara ɗaya ba ma son sakinta.

To, "but" ta girmi "amma". A tsohon Ingilishi na wajen shekara 1,000 da suka wuce ana ce mata "butan", ma'anarta "a waje". Wannan tsohuwar ma'ana ce take aiki a cikin "all but".

Fuska ta farko ita ce "duka, ban da". Misali: "All but one of the months have 30 or 31 days." Wato dukan watanni suna da kwana 30 ko 31, ban da guda, Fabrairu ke nan. An tara duka, an fitar da ɗaya waje. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tsofaffi a kasuwa sukan ce "ashirin ba ɗaya" maimakon 19. Idan takarda ta ce "Answer all but one of the questions", tambayoyin kuma 6 ne, sai ka amsa 5. Mun sha ganin ɗalibin da ya hango "one" kawai, ya amsa guda ɗaya ya ajiye biro, ya zauna yana jiran ƙararrawa.

Fuska ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce masu shirya tambayoyin fahimtar karatu suka fi so. A nan ma'anarta "saura ƙiris", ko "kusan gaba ɗaya". Bari mu ɗauki ciwon kurkunu, wanda iyayenmu suka sani sarai, yadda yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1986 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.5 ne suke kamuwa da shi a shekara a duniya. A 2023 mutum 14 kacal aka samu. Bature zai ce: "Guinea worm has all but disappeared." Ku lura da kyau, bai ce ya ɓace ba. Ya ce saura ƙiris ya ɓace. Amma a kan Nijeriya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shaidar kawar da cutar a 2013, kana iya cewa "has disappeared" kai tsaye. Tsakanin jimlolin nan biyu akwai mutum 14, kuma a kan irin wannan ɗan bambanci ake ba da maki ko a hana.

Hausa ma haka take yi. Idan aka ce "saura kaɗan ya faɗa rijiya", babu mai zuwa da igiya, kowa ya san bai faɗa ba. To haka nan "He was all but dead": ya galabaita matuƙa, amma da ransa. Ɗalibin da ya rubuta cewa mutumin ya mutu, ya binne mai rai. In an duba, fuskokin biyu tushensu ɗaya ne: komai ya cika, ban da taki na ƙarshe.

Yaya za a bambance su a ɗakin jarrabawa? A dubi kalmar da ta biyo baya. In lamba ce ko sunan wani abu, kamar "all but two" ko "all but the headmaster", ma'anar ita ce "ban da". In aikatau ne ko sifa, kamar "all but finished" ko "all but impossible", ma'anar ita ce "saura ƙiris". A ganinmu wannan gwaji ya fi haddar dogayen dokoki amfani, don ba ya cin ko rabin minti.

Sai dai a yi hattara da 'yar uwarta, "anything but", wadda ta yi kama da ita amma ta juya mata baya. "The road was all but empty" na nufin hanyar kusan babu kowa a kanta. "The road was anything but empty" kuwa na nufin cike take maƙil, kamar hanyar shiga gari ranar bikin Uhola.