Shin "localhost" alamar kutse ce?

TAMBAYA: Na saka Ubuntu a kwamfutata, sai na ga kalmar localhost da lamba 127.0.0.1, kuma su ne a ta abokina. Kutse aka yi mana? Sannan da na canja sunan kwamfutar, sai ta riƙa ƙorafin ba ta gane sunan ba. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya shigar muku kwamfuta.

Kwamfutoci da lambobi suke neman juna, waɗanda ake kira adireshin IP. Sunaye kuwa don sauƙinmu aka yi su. A cikin lambobin an keɓe 127.0.0.1, kuma duk saƙon da aka aika mata ba ya fita waje, cikin na'urar yake komawa. Sunan wannan lamba shi ne localhost. Kamar yadda kowa ke cewa "ni" yana nufin kansa, haka kowace kwamfuta ke nufin kanta da localhost. Shi ya sa ka gan shi wurin abokinka.

Ban da wannan, kowace kwamfuta tana da sunan kanta, wanda sauran na'urori ke ganin ta da shi. Idan mai ita bai raɗa mata ba, tsarin zai zaɓa da kansa. A Windows 10 za ka ga DESKTOP sai haruffa da lambobi a gaba. Ubuntu kuwa tana ajiye sunan a fayil ɗin /etc/hostname.

To, yaya kwamfuta take fassara suna zuwa lamba? Yawanci tana fara duba wani ɗan fayil mai suna hosts, inda aka jera lamba da sunanta a kowane layi. Idan ba ta samu ba, sai ta tambayi DNS, wato tsarin da ke riƙe da sunayen intanet. Fayil ɗin ya girmi DNS. A zamanin ARPANET, wato tsarin sadarwar da ya gabaci intanet, cibiyar SRI da ke Kalifoniya a Amurka ce ke riƙe da jerin guda ɗaya, kowa na kwafa. Da na'urori suka yi yawa, sai Paul Mockapetris ya ƙirƙiro DNS a 1983.

Nan matsalarka ta biyu take. Ubuntu takan rubuta sunan kwamfuta a gaban 127.0.1.1 a cikin /etc/hosts. Ka canja suna a wuri ɗaya, tsohon yana nan a ɗayan, don haka ta nemi sabon ta rasa. Buɗe /etc/hosts da izinin mai kula da na'ura, ka gyara wannan layin ya dace da sabon sunan. Layin localhost kuwa kada ka taɓa shi, manhajoji da yawa sun dogara da shi.

Ka zaɓi gajeren suna na haruffa da lambobi, ba tare da tazara ba, kuma kada na'urori biyu su yi suna ɗaya a gida ko ofis. Kafin ka gyara fayil ɗin, ka ajiye kwafinsa. Allah Ya ƙara basira.